Tayi na Uku

Shekara talatin da ɗaya Digambar Tembe ya yi a ofishin kula da ma'aikata na wani kamfanin ƙera injinan ban-ruwa a Nashik, kuma a duk tsawon shekarun nan ba a taɓa jin kalmar a'a ta fito daga bakinsa ba. Ba kuma don yana yarda ba ne. Cikin mutum goma da za su shigo masa da buƙata, tara za su fita hannu rabbana, sai dai suna fita suna godiya, wasu har da ɗan rusunawa a bakin ƙofa. Wannan ita ce sana'arsa. Ita ta ba shi kujera mai hannu, da fanka tasa shi kaɗai.

Tun zamanin tsohon mai kamfanin, duk wanda ba a so a yi wa abu sai a ce ya je ya ga Tembe-saheb, wato Yallaɓai Tembe. Mai neman hutu, mai neman ƙarin girma, mai son a ɗauki ƙanin matarsa aiki. Tembe zai zaunar da mutum, ya sa a kawo shayi, ya tambayi gwiwar gyatuma da jarrabawar yara. In ka ga an haɗo da biskit, to maganarka ta mutu tun kafin ka buɗe baki, biskit ɗin na ta'aziyya ne. Daga nan zai karɓi takardarka da hannu biyu, ya karanta har ƙasa, ya karkata kai dama da hagu a hankali, ya ce za a duba. In ka dawo, a bari bikin Diwali ya wuce. In ya wuce, ai ƙarshen shekara ya matso, hankalin kowa a tashe yake. Wanda ya nace har karo na huɗu shi ake ce wa, “Ni da kaina zan kai maganar sama.” Wanda ya ji wannan ya san an riga an binne.

Babu wanda aka yaudara. Mai buƙata ya san an hana shi, Tembe ya san ya sani, an rabu mutuncin kowa na nan inda ya ajiye shi. Mu dai a nan wannan muke kira tarbiyya, kuma da ita muke yin wata takwas kafin a gyara famfon banɗaki.

Mutum ɗaya ne tarbiyyar nan ba ta kama ba, shi ne ɗan cikinsa, Ninad, wanda ke aikin kwamfuta a Bengaluru. Shekara biyar ke nan, tun da matarsa ta haifi tagwaye, yake cewa Baba da Inna su kulle gidan Nashik su koma wurinsa. Tembe kuwa amsarsa ɗaya ce, a bari ya yi ritaya. Duk ɗan da aka haifa a gidan mutunci ya san abin da wannan ke nufi. Ninad sai ya ɗauki biro ya rubuta ranar a kalanda, talatin da ɗaya ga watan Maris.

Tembe ya taɓa zuwa gidan, ya yi kwana tara. Hawa na goma sha huɗu ne, baranda an tsare ta da raga kamar kejin aku. Babu wanda ya kira shi saheb, ko da maigadin gidan ne. Tagwaye sun mayar da bayansa doki. A jikin firij surukarsa ta manna jadawalin ayyukan gida, ya leƙa ya ga an sa “Kaka” tsakanin injin wanki da mai kawo madara. Tun daga ranar, in ya tuna Bengaluru sai bayansa ya amsa.

Maganin abin a bayyane yake. Kamfani yakan ƙara wa tsofaffin ma'aikata shekara ɗaya bayan ritaya, shekarar kuma takan haifi wata. Da tsohon maigida ne, ba sai an roƙa ba. Za a yi wata uku ana kewaye-kewaye, a yi maganar damina, a yi maganar yaran zamani da ba su san inda fayil yake ba, wata rana sai ka ga takarda a kan tebur kamar iska ce ta kawo ta. To amma tsohon ya koma gonarsa ta inabi, an ɗauko manaja daga Ludhiana ta jihar Punjab, can arewacin ƙasar, Harleen Sodhi, mace 'yar shekara arba'in mai yawo da gorar ruwa da takalmin gudu. Taro ma a tsaye take yi. Tembe ya ce wa abokan aiki matar ba ta da laifi, wanda ya san Tembe ya san wannan zagi ne.

Ranar Talata, saura mako biyar, ya sa rigarsa ta zuwa biki ya shiga wurinta. Ya tanadi jawabi na minti ashirin. Ya fara da tarihin ɗakin ajiyar takardu, yana shirin gangarowa kan ambaliyar da ta taɓa jiƙa fayiloli, sai ta ɗaga kai daga kwamfuta.

“Tembe-ji, ƙarin shekara kake so?”

Ya ji kamar an cire masa wando a kasuwa. Ya ce ba wannan ne ya kawo shi ba kai tsaye, sai dai in kamfani ya ga da bukatar wani tsohon hannu, shi ba mai guje wa hidima ba ne.

“To, na yarda. Ka cike takardar ka kawo min ranar Juma'a in sa hannu. Da wani abu?”

Babu wani abu. Ya duba agogo a waje, minti huɗu ya yi a ciki, har da gaisuwa.

A ofis ya tarar da mataimakinsa, Phadke, wanda ya shekara goma sha tara a kan kujera marar hannu yana kallon ta maigidansa kamar mai jiran gado. Phadke ya tambayi yadda aka yi. Tembe ya faɗa masa. Phadke ya tambaya ko an kawo shayi. Ba a kawo ba. Ta tambayi iyali? Ba ta kai ga nan ba. Ta ce abin da wuya, sai ta yi magana da hedikwata? Ko kusa.

“Haka kawai ta ce ta yarda, saheb? Ba ko tari?”

“Ba ko tari.”

Phadke ya ja dogon numfashi, ya gyara takardun da ba su karkace ba. Ya ce shi ɗalibi ne, ba zai koya wa malaminsa karatu ba.

Wannan ya ishi Tembe. Dama tun a matakala zuciyarsa ta fara lissafi. Abin da za a ba ka da gaske, a hankali ake ba ka shi, ana nishi ana ƙorafi, don ka san nauyinsa. Eh ɗin da ya fito da gudu irin wanda ake yi wa mai tallan inshora ne don ya saki ƙofa. Sannan ga maganar takarda. Me ya sa sai a rubuce? Don a kai ta hedikwata, wani yaro mai ɗaure da taye ya rubuta “ba a amince ba”, a buga hatimi, a sa lamba, a jefa a fayil ɗin Digambar Tembe, fayil ɗin da mabuɗinsa zai koma hannun Phadke. Shekara talatin da ɗaya yana hana mutane ba tare da ya bar wa kowa tabo a takarda ba, yanzu shi za a yi wa a rubuce. Ya jinjina wa matar. Ashe ta iya, salon ne kawai na mutanen arewa, babu man shafawa.

Da ya koma gida ya bayyana wa matarsa Sulabha wannan dabara dalla-dalla, tana tsinke ganyen alayyafo a faranti. Ita ma ba son Bengaluru take yi ba. Tana da ƙungiyar matan da suke waƙar ibada ranar Alhamis, tana da maƙwabciyar da suke gaba shekara ashirin, ba za ta bar su haka kawai ba.

“Baban Ninad, matar nan ta ce eh. Ka kai mata takarda.”

Ya yi murmushin da ake yi wa wanda bai san ofis ba. Ya ce a harkar aiki ba abin da aka faɗa ake saurare ba.

“Shi ya sa shekara talatin da uku ban san ko girkina yana maka daɗi ba,” in ji ta, ta ci gaba da tsinkar ganye.

Tembe ya yanke shawara. Ba zai kai takarda ba. In da gaske ana son sa, a zo a yi masa tayi, shi kuma zai yi abin da kowane ɗan mutunci ke yi a gaban faranti: karo na farko ka kauce, na biyu ka rufe farantin da hannu ka ce ka ƙoshi, na uku ka janye hannun kamar an fi ƙarfinka. Haka ake karɓar abu ba a zama mayunwaci ba. Kuma a nan ya ga ya kama ta, don kowa ya san mutanen Punjab ba sa ƙyale baƙo. A gidajensu sai ka yi kuka kafin a daina zuba maka man shanu. In tayin gaskiya ne, jininta ba zai bar ta ta tsaya a biyu ba.

Juma'a ta wuce. Ranar Litinin suka yi kiciɓis a baranda, tana sauri da gorarta. Ta ce ba ta ga takardarsa ba. Ya ce ana kan dubawa, ranki ya daɗe. Ta ɗan tsaya ta dube shi, ta ce ya hanzarta, ta wuce. Tembe ya lanƙwasa yatsa ɗaya a aljihu. Na farko ke nan. Ranar har ya ba wani direba hutun kwana biyu ba tare da ya sa shi ya dawo ba, direban ya fita a tsorace yana tunanin ko korarsa za a yi.

Ranar Lahadi Ninad ya bugo waya ya ce an kawo gadon da ya saya musu, mai katifar masu ciwon baya, kuma tagwaye suna ta tambayar yaushe dokinsu zai zo. Tembe ya ce madalla, za a ga yadda hali zai yi.

Kwana goma bayan haka, da misalin ƙarfe ɗaya na rana, Madam Sodhi ta aika a kira shi, shi da Phadke. A kan teburinta ga takardar ƙarin shekara, an buga ta tsaf, da sunansa da lambarsa, har ta sa nata hannun. Layi ɗaya ne ya rage babu komai, ta ɗora biro a kai.

Ta ce hedikwata na rufe karɓar sunaye yau ƙarfe huɗu. Ta ce ta gaji da jira ne ta cike da kanta. Tana son ya zauna shekara ɗaya, domin babu wanda ya san ma'aikatan nan kamar shi.

“Za ka zauna, Tembe-ji?”

Daɗi ya rufe shi har kunnuwansa suka yi zafi. Ashe gaske ne. Ashe tun ranar Talatar nan gaske ne. Bengaluru ta ja baya ta koma can ƙarshen taswira inda ya kamata ta zauna. Ga biro, tsakaninsa da shi bai fi taki ɗaya ba. Sai dai wannan na biyu ne, ga kuma Phadke a tsaye yana kallo, kuma ba za a ce Tembe-saheb ya wawuri biro kamar mai jiran a ce masa bismilla ba. Saura ɗaya tak.

Ya dafa ƙirji da hannun hagu, ya shimfiɗa na dama a saman takardar kamar mai kare faranti, ya sunkuyar da kai.

“A'a, a'a, Madam. Ni wa? Ai na tsufa. A bar wa yara su ma su taɓa.”

Ya faɗe ta da kyau, har da 'yar rawar murya. Kalmar da ya yi shekara talatin da ɗaya yana ɓoyo, ga ta ta fito sau biyu a jere, kuma wannan ne karo ɗaya da ba hani yake nufi ba. Ya tsaya yana jiran a matsa masa.

Madam Sodhi ta dube shi na ɗan lokaci. A gidanta, in ka ce ka ƙoshi, wataƙila ta ɗure ka da cokali. Amma man shanun a gida take barin sa.

“To, na ji. Ban so ba, amma na gode da ka faɗa min kai tsaye. Kowa ce min yake ba a taɓa samun amsa a bakinka.” Ta zare takardar daga ƙarƙashin tafin hannunsa, ta buɗe aljihun tebur ta saka, ta rufe. “Phadke, daga ɗaya ga Afrilu kai ne. Da wani abu?”

Hannun Tembe na nan a shimfiɗe a kan tebur, yana kare katako. Ya juya ya dubi Phadke. A irin wannan wuri aikin na ƙasa a bayyane yake, yaro ma ya sani: zai ce haba Madam, ai saheb kunya ce da shi, a sake roƙonsa. Tembe da kansa ya yi wa manya uku wannan hidima. Phadke kuwa ya ɗaga kai yana nazarin fanka, kamar yau ya fara ganin tana juyawa.

Saura awa uku. Abin da ake bukata bai wuce ya ƙwanƙwasa ƙofa ya ce yana so ba. Ya tashi ya nufi ofishinta, da ya isa sai ya zarce banɗaki. Ya dawo ya sake wucewa, yana tafiya a hankali yana gyaran murya, ko za ta ɗago ta kira shi. Tana waya. Karo na uku har ya ɗaga hannu zai ƙwanƙwasa, sai ya hango masu buga takardu biyu suna kallonsa, ya mayar da hannun ya sosa ƙeya. Mutum ya ce a'a ƙarfe ɗaya, ya dawo ƙarfe uku yana lashe ta a gaban jama'a? Wannan ba a yin sa da baki. Aike ake yi.

Ya koma ofis ya zaunar da Phadke. Ya yi masa maganar shekara goma sha tara da suka yi tare, da ranar da ya rufa masa asiri kan fayil ɗin da ya ɓata. Ya ce ba don kansa ba, amma yana ganin kamar Madam ba ta fahimci al'adar wurin nan ba, da wani zai ɗan ja hankalinta kafin ƙarfe huɗu, da kamfani ya amfana.

Phadke ya saurara har ƙarshe da hannu biyu a kan gwiwa. Ya karkata kai dama da hagu a hankali.

“Kada ka damu, saheb. Ni da kaina zan kai mata maganar.”

Ya fita. Bayan minti goma aka shigo wa Tembe da shayi. A gefen kofin an jera biskit biyu.

Ya daɗe yana kallonsu. Aikin ya yi kyau, babu inda za a kushe, har karkata kan irin nasa ne. Ƙarfe huɗu ta buga yana tsoma na biyun a shayi, don biskit dai ba shi da laifi.

Ranar talatin da ɗaya ga Maris aka yi masa bikin sallama a ɗakin cin abinci. Aka yafa masa mayafin girmamawa a wannan zafin, aka danƙa masa kwakwa da furanni. Phadke ya yi jawabi har da share ido, ya ce duk abin da ya iya a wurin saheb ya koya, wannan kuwa ba ƙarya ya yi ba. Madam Sodhi ta yi nata a tsaye, minti biyu. Ta ce tun da ta zo Nashik take neman wanda zai dube ta ya ce mata eh ko a'a, mutum ɗaya ta samu, ga shi kuma zai tafi. Ta ce matasa su yi koyi da shi. Aka yi tafi. Waɗanda ya shekara talatin yana shayar da su shayi su suka fi kowa tafawa.

Washegari da rana yana zaune a gida, ranar aiki, ba inda za shi, Ninad ya bugo. Tembe ya ce maganar tahowa za a duba, a bari zafin nan ya ɗan sauka, ga kuma damina na tafe.

“An riga an duba, Baba. Jirgin ƙasa ranar tara ga wata, gadon da ke ƙasa na karɓa muku a ciki saboda bayanka.”

Sulabha kuwa, tun ranar da labarin ya iso mata ta fara tara kwalaye a lungu. Ta shimfiɗa masa faranti, ta zuba shinkafa da miyar wake, ya cinye. Ranar miyar ta yi daɗi ƙwarai, kuma yunwa yake ji. Ta dawo da tukunya ta tsaya a kansa da ludayi, ta tambaya ko a ƙara.

Hannunsa ya riga shi, ya rufe farantin. Ya ce a'a, ya ƙoshi.

“To,” in ji Sulabha.

Ta mayar da ludayin cikin tukunya, ta rufe, ta wuce kicin. Tembe ya zauna da hannu a kan faranti yana jin ƙarar famfo, tana wanke-wanke.